Gangar Noma a Garejin Isaka

Kwanon sha ne ya fara zamowa daga kan kanta, ya faɗi ƙasa yana juyi, sai hoton bikinsu da ke rataye a bango ya karkace. Jummai ta tashi zaune, idanu jajur. A tsaye ta kwana a wurin aiki tana fama da yara masu tamowa, yanzu-yanzu ta sa haƙarƙarinta a katifa, ga bango yana rawa kamar ana daka a cikinsa. Kuma ba waƙa ba ce balle mutum ya ce ya ji daɗi. Babu murya, babu molo, bugu ne kawai da ke biyowa ta ƙasa, ya hau ƙafafun gado, ya tokare mutum a ƙirji.

"Yau dai za a yi ta ta ƙare," in ji ta. Ta ja zane ta ɗaura, ko takalmi ba ta nema ba.

Bango ɗaya ne ya raba ɗakinta da garejin Isaka. Duk unguwar Banifandu an san Isaka da haɗa kiɗa a motoci. 'Yan taksi da 'ya'yan masu hali suna kai masa mota a rumfarsa ta Kalley, ya cika musu kofur, wato ma'ajiyar bayan mota, da manyan lasifikan bafal da ampli mai ƙara musu ƙarfi, su fito suna girgiza titi. Wannan can ne, Kalley ta saba da hayaniya. Amma kwanakin nan gida ya dawo da fitinar. Ta same shi ya tura kai cikin kofur ɗin tsohuwar motarsa, ƙofar gareji a wangale.

"Isaka! Kai Isaka! Unguwar nan gadonka ce?"

Ina zai ji. Sai da ta fizgi rigarsa ta baya sannan ya ɗago, ya miƙa hannu ya murɗa wani abu, duniya ta yi tsit.

"A'a, Tanti, ina kwana? An sauko lafiya?"

"Ban sauko lafiya ba! Kwanukana na ƙasa, kaina zai tsage. Kai ba ka da tausayi ne? In haukan samartaka ne ya dawo maka, ai da matarka da furfura a gemu."

Isaka bai yi fushi ba. Murmushi ma yake yi, irin na wanda ya tsinci abu a hanya.

"Kala suru, Tanti. Ki yi haƙuri, zo ki ga wani abu. In kin gani kika ce in daina, wallahi na daina."

Ya buɗe ƙofar baya. Baba Bawa, mahaifinsa, yana zaune ya manna bayansa da kujera, ƙwaryar fura a cinya, ludayi a hannu. Har furar ta ɓata masa gemu.

Jummai ta tsaya baki buɗe. Ta san tsohon nan sarai, don ita ake kira ta sa masa ruwa a jijiya. Daminar bara ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ƙauyensu can bayan Dogon Dutsi ya watse, Isaka ya je ya ɗauko shi ya zo da shi Yamai. Makaɗin gangar noma ne a zamaninsa, wanda in ya saɓa ganga a bakin gona sai rago ma ya nemi hauya. Kunnensa ya daɗe da mutuwa. Da gonar ta bi bayan kunnen, sai ya juya fuska bango ya rufe baki. Tuwo a'a, fura a'a, ko ruwa sai an yi da gaske. Ita da bakinta ta ce wa Kadi, matar Isaka, allura ba ta riƙe wanda ya riga ya ɗaure kayansa. To ga shi nan yana shan fura.

Tsohon ya aje ludayi, ya waiga hagu da dama, ya bubbuga kujera da tafin hannu.

"Wa ya tsai da ganga?" ya faɗa da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa.

Isaka ya murɗa abin nan. Gilashin mota ya ɗauki rawa. Tsoho ya lumshe ido, ya ɗauki ludayinsa.

A waje Isaka ya yi mata bayani, yana ɗaga murya. Wani ɗan garinsu ne ya ba shi tsohon kaset da aka ɗauka a wata gayya, kiɗan Baba ne da hannunsa. Ya juye shi a kile, ɗan abin nan da ake soka wa rediyon mota, ya yanke duk siraran sauti, ya bar mai kaurin kaɗai, wato bas. Gwaji yake yi ranar nan, sai ya ga tsoho ya rarrafo daga ɗaki ya dafa jikin motar.

"Kunne ne ya tafi, Tanti, ƙashi yana nan. Ta baya yake ji. In ganga na tafiya yana ci, in ta tsaya ya tsaya. To ki faɗa mini, in kashe?"

Jummai ta juya. Ta koma gida, ta kwashe sauran kwanukan daga kanta ta jera su a ƙasa, ta cusa auduga a kunne. Audugar ba ta yi maganin komai ba.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma bayan 'yan kwanaki sai tsoho ya fara ƙorafi. Gangar ta yi nisa, in ji shi, kamar daga gonar wasu ake bugawa, a matso da ita. Faɗa wa Isaka haka kuwa daidai yake da ingiza mai kantu ruwa. Ya kwance akwatin bafal ɗin, ya ƙera wani babba da katako mai kauri, ya bi kowace kafa da gam har iska ba ta da wurin fita. Ya juya fuskar bafal ɗin ta kalli bayan kofur, don a cewarsa sautin in ya bugi ƙarfe ya dawo ya fi nauyi. Ya huda bayan kujera daidai inda tsoho ke jingina. Ya jawo waya mai kaurin ɗan yatsa tun daga batir. Duk bugu ɗaya sai fitilun motar su dusashe su dawo. Baba Bawa ya koma cin tuwo, har ya fara faɗa a kan miyar Kadi ba gishiri.

Unguwa kuwa ta ɗauki zafi. Ga rana kamar wuta, ga kuran, wutar lantarki, ana ɗaukewa, ga tiyar gero ta gagari talaka, sannan ga dum-dum tun hantsi. Malam Abdulaye, tsohon ma'aikacin gidan waya da ke ɗaya gefen garejin, mai hawan jini ne, kuma mai gajeren haƙuri tun kafin hawan jinin. Ya rantse zai kai ƙara. Shekarar ce sojoji suka karɓi mulki, ba wanda ke son a kai sunansa ko'ina, ko a kan akuya ce. In aka zo aka kwashe ampli da bafal, kowa ya san abin da zai biyo baya a gidan Isaka.

Jummai ce ta tara su a gindin itacen bedin ƙofar gidan Malam Abdulaye. Ita da ta fara zuwa da masifa, ita ce yanzu lauyan Isaka.

"Malam, ni na ga tsohon nan yana mutuwa, na kuma gan shi yana lashe kwano. In kuka kashe kiɗan nan, ku je ku haƙa rami."

"To ni fa, Madam? Nawa ramin wa zai haƙa? Zuciyata bugawa take tare da abin nan."

"Sai a nemi dabara."

Dabarar ba ta yi wuyar samu ba. A rufe garejin, a toshe shi, kiɗa ya zauna a ciki. Malam Abdulaye ya ƙara da nasa sharaɗi: da ladan ya ɗaga murya a kashe, sai an sallame. Isaka ya ce ya ji ya gani. Nan take fushi ya koma zumunci. Malam Abdulaye da kansa ya fito da tsohuwar katifa aka jingina ta a bayan ƙofar ƙarfen. Mai shayin bakin titi ya kawo faifan kwali na ƙwai tuli guda, aka manna a bango. Jummai ta kwaso kwalayen magani daga wurin aiki. Kadi ta yayyaga tsofaffin buhuna ta cusa ƙarƙashin ƙofa da jikin kwano. Ana yi ana dariya, har da dafa shayi. Ba mugu ko ɗaya a cikinsu, mutanen kirki ne suka haɗu suka yi aikin da hannuwansu.

Sauti ya ragu sosai. Abin da ya rage shi ne wata 'yar taga can sama kusa da rufi, wadda ta kalli tsakar gidan Malam Abdulaye.

Wata safiya Isaka ya leƙo gidan Jummai yana dafe da goshi.

"Tanti, ko da ƙwayar ciwon kai? Kwana biyun nan in na fito daga garejin sai in ji kai kamar an ɗaure shi da waya. Har jiri-jiri."

"Ba dole ba? Mutum ya shige akwati cikin wannan zafi, ganga na dukan ƙwaƙwalwarsa. Ungo, ka riƙa shan ruwa da yawa. Baba fa?"

"Shi ba ya daɗewa, da ya cinye nake fito da shi. Ni ne ke tsayawa gyare-gyare." Ya haɗiye ƙwayar ba ruwa. "Na samo ampli na biyu. In na haɗa shi, Tanti, Baba zai ji ta kamar a kafaɗarsa take. Tagar nan ma Malam ya ce a toshe, zan toshe ta ya huta."

"Allah ya ba da sa'a," in ji ta, tana hamma.

Ran da ya haɗa ampli ɗin, Jummai ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Bugun yana nan, amma can ƙasa-ƙasa, ya fi na da nauyi, ya kuma fi shi laushi. Cikin barci ta ji kiran azahar, ta juya ta gyara kwanciya. Kiran la'asar ne ya tashe ta sosai. Ta kwanta tana kallon rufi, tana jin wani abu ba daidai ba, ta rasa mene ne. Ita ba sallar take yi ba, amma tun da aka yi sharaɗin nan jikinta ya saba: in ladan ya fara, bango ya yi shiru. Yanzu ladan ya kai tsakiya, bango bai daina ba.

Ta fito. Baba Bawa yana zaune kan tabarma a ƙofar garejin, ya jingina bayansa da ƙarfen ƙofar, ido a lumshe, yatsunsa na bugun gwiwa. Kwanon tuwo a gefensa, an sharce shi tas. Malam Abdulaye na tsaye da buta, rai a ɓace.

"Kin gani ko, Madam? Azahar ma bai kashe ba. Na yi ta bugun ƙofa, ko kulawa. Ɗan yau ke nan, ka ba shi hannu ya nemi kafaɗa."

"Ina Kadi?"

"Tun safe ta tafi layin hatsin rahusa, can wajen unguwar Lazare."

Jummai ta ɗora tafin hannu a jikin ƙofar. Zafi kamar murfin tukunya. Kuma a ƙarƙashin dum-dum ɗin akwai wata rawar dabam, siririya, mai tafiya ba tsayawa. Ta durƙusa, ta ja tsumman buhu ɗaya daga ƙasan ƙofa. Warin hayaƙin mota ya bugi hancinta.

"Malam," in ji ta, "injin motar a kunne yake?"

"A'a, to da me ampli zai ci? Ai kullum a kunne yake. Batir ba ya ɗaukar wannan kaya, yanzu-yanzu sai ya mutu. Balle yau guda biyu."

"Kullum? A rufe?"

Malam Abdulaye ya dube ta, bai gane ba tukuna. Shi ya san injin yana aiki, duk mazan layin sun sani, ba su taɓa kawo komai a rai ba. Ita kuwa ta san abin da hayaƙin mota ke yi wa mutum a ɗaki rufaffe, ta ga an kawo irinsu, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa jin ƙarar injin ba, ganga ta danne ta. Ciwon kan nan! Ita ta ba shi ƙwaya ta ce ya sha ruwa.

"Wayyo Allah! Ku ɓalle ƙofar nan! Jama'a! Ku zo!"

Ta cafki mariƙin ƙofar, an sa sakata ta ciki. Sai ta ji an damƙe mata wuyan hannu. Baba Bawa ne, da ƙarfin da ba ta san ya dawo masa ba.

"A'a, ɗiyata! Ya ce kar a buɗe. Ya ce in zamna nan sai ya gama gyara. Ji ta! Yau ta iso, yau ganga ta iso!"

"Baba, tashi! Don Allah tashi!"

Ina. Yana ganin bakinta na motsi, yana mata murmushi, yana nuna mata ƙofar ta jingina ita ma ta ji. Sai da ita da mai shayi suka ɗauke shi cak tare da tabarmar suka matsar, yana zage-zage. Mai faci ya sheƙo da ƙarfen cire taya, wani ya kawo taɓarya. Sakatar ta ƙi, katifar Malam Abdulaye ta tokare ta baya, duk abin da suka cusa da hannuwansu yanzu shi ke faɗa da su. Da ƙyar ƙofar ta ɓalle. Zafi da hayaƙi suka fito suka kore mutane baya, kiɗan ya faso titi da ƙarfin da ba a taɓa ji ba, har ƙurar ƙasa na tsalle.

Jummai ta ja numfashi ta riƙe, ta rufe hanci da gefen zane, ta faɗa ciki. Isaka yana kujerar direba, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, kai ya kwanta a kafaɗa. Akwai sukudireba a cinyarsa. Ta kama shi ta hammata, mai faci ya kama ƙafafu, suka jawo shi har tsakiyar titi. Wani ya shiga ya zare makulli, injin ya mutu, amma ganga ba ta daina ba, tana cin batir. Ba wanda ya san wayar da za a taɓa sai mai ita. Malam Abdulaye ne ya shiga yana tari, ya damƙi wayoyin duka ya fizge.

Shirun da ya biyo baya ya fi kiɗan ban tsoro.

Jummai ta yaga wa Isaka riga, ta dafa ƙirji tana dannawa, tana hura masa iska a baki, tana kiran sunansa. Ta sa yatsu a wuya. Ta sake dannawa har hannuwanta suka mutu. Ta ɗaga fatar idonsa. Ta san amsar tun taɓawar farko, don jikin ya riga ya fara sauyawa, amma ta ƙi tsayawa sai da mai shayi ya ce, "Madam, ya isa haka." Abin da ya fi gigita ta fuskarsa ce. Fes take, leɓɓan har da ja-ja, kamar wanda ya ci ya ƙoshi ya kwanta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Abdulaye. Ya zauna daɓas a ƙasa, butar ta kife. "Katifata ce. Ni na ce tagar. Ni na ce!"

Kowa da nasa hannun a ciki. Mai shayi ya zuba wa kwalayen ƙwan da ke manne a bango ido.

Daidai nan Kadi ta ɓullo kwanar layi da ɗan buhu a ka. Ta ga taro, ta ga ƙofar a ɓalle, ta ga ƙafafun da ta sani. Buhun ya sulluɓe ya fashe, geron da ta wuni a rana don shi ya watse cikin rairayi.

"Irkoy beri! Allah mai girma! Isaka! Wayyo ni, Isaka!"

Mata suka tare ta, ta zube a hannunsu.

Duk wannan Baba Bawa yana kan tabarmarsa inda aka aje shi. Idonsa ba ya kai nesa sosai, kunne kuwa babu. Ya miƙe da sanda, ya ratso mutane, suna buɗa masa hanya ba wanda ya iya kallonsa. Ya tsaya a kan ɗansa, ya leƙa fuskar nan mai kyau, ya girgiza kai.

"Kun gani, barci ya kwashe shi. Yaron nan ba ya hutawa." Ya taɓa shi da ƙafar sanda. "Isaka, tashi ka mai da ganga. Sun tsai da ita."

Malam Abdulaye ya rarrafo ya kai baki kunnensa yana ihu, "Baba, sai haƙuri! Allah ya yi masa cikawa!" Tsoho ya kauda kai, ya goge kunnen da hannun riga.

"Mi yake cewa? Ku tashe shi mana."

Jummai tana durƙushe a rairayi. Tausayi da tsoro suka cika ta har ta rasa inda za ta sa ranta. Ta sha faɗa wa iyaye irin wannan magana a wurin aiki, amma da baki ake faɗa, kuma baki ba shi da amfani a nan. Ta kama gefen rigar tsohon ta ja a hankali. Ya dube ta, ya durƙusa da ƙyar kusa da ita. Ta ɗauki hannunsa na dama, ta buɗe yatsun, ta shimfiɗa tafin a ƙirjin Isaka. Ta janye nata hannun.

Tsoho ya tsaya yana jiran bugu. Can ya matsar da tafin hagu kaɗan, ya danna. Ya sauko da shi ƙasa, ya sake dannawa. Ya aje sandar, ya kawo ɗaya hannun ya ɗora kusa da na farko, ya sunkuyar da kai, ya lumshe ido.

Daga masallaci an sallame, mutane na fitowa suna tsayawa daga nesa. Kajin maƙwabta sun taru a kan geron Kadi, ba wanda ya kore su. Baba Bawa bai ɗauke hannuwansa ba.